Mai Ciwon Aro

Baba Ƙarami bai kai ga rabin shayinsa ba Yaya ya aiko a kira shi, wai ya zo a gwada tari.

Ya ajiye kofin ya shiga falo, ya durƙusa a gefen kujera. Yaya yana kishingiɗe da tawul a wuya. Ya yi tari guda mai kauri daga can ƙasan ƙirji, irin wanda ke ƙarewa da ɗan fito, sannan ya nuna ƙaninsa da yatsa alamar ya maimaita. Baba Ƙarami ya tattaro abin da ke ƙirjinsa ya yi. Yaya ya girgiza kai, ya ce wannan ai tarin mai neman a ba shi hanya ne a kasuwa, babu likitan da zai rubuta maganin kirki a kansa. Aka sake. Aka kuma sakewa, har Matar Yaya ta leƙo daga kicin ta ce yanzu kam ya fara kama, saura fiton. Da fiton ya samu, maƙogwaron Baba Ƙarami ya riga ya kama zafi da gaske, Yaya kuma ya ce hakan ma ya fi, ko ba komai ba zai yi wa likita ƙarya ba.

A gidan nan katin asibiti ɗaya ne, na Baba Ƙarami. Kamfanin sabulun da yake aikin naɗe kwali ne ya ba shi, asibitin kamfanin kuwa yana duba ma'aikaci da 'ya'yansa kyauta. A gidan nan kuma akwai ɗaki ɗaya kusa da ƙofar waje, mai taga ɗaya, inda Baba Ƙarami yake kwana shi da 'yarsa 'yar firamare, wadda yake kira Mamana. Gidan na Yaya ne. Ba wanda ya taɓa haɗa maganar katin da maganar ɗakin a baki. Sai dai duk ranar da wani ya tashi ba daɗi, kafin a ce masa sannu an riga an ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin nan.

Yaya ba ya zuwa asibiti. Yana da shagon kayan gini da yara a ƙarƙashinsa, ya ce mutum irinsa ba zai zauna a benci wata yarinya ta ƙwala sunansa babu ko rusunawa ba. Matar Yaya ta ce warin asibiti ne ke ƙara mata ciwo. Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu da ke ɗakin baya, ta ce duk sa'anninta da suka shiga asibiti da ƙafafunsu ba da ƙafafunsu suka fito ba. Saboda haka Baba Ƙarami ne ke ɗaukar ciwon kowa ya kai wa likita a matsayin nasa, ya dawo da magani a leda, a raba.

Gwaggo ta fi kowa wuyar sha'ani. Ta koya masa ɗingishinta a tsakar gida, tana biye da shi da sanda tana gyara masa. Da ya dawo da man shafawa ta tambaye shi wace ƙafa ya ɗingisa. Ya ce hagu. Ta ajiye maganin a ƙasa, ta ce tata ta dama ce, ita ba za ta shafa maganin hagu a dama ba ta jawo wa kanta shanyewa. Sai da ya koma ya gaya wa likita ciwon ya tsallaka.

Likitan bai yi mamaki ba, domin ba shi ba ne na ranar farko. A asibitin nan da wuya ka ga likita ɗaya sau biyu a jere. Layi yana farawa tun daga bakin matakala, likitan da ke ciki kuma fuskarsa na kan kwamfuta, yana buga rubutu da yatsu biyu, tambayar tana fitowa ta gefen baki. Baba Ƙarami ya san likitocin nan da kunnuwansu. Akwai mai kunne ƙarami, akwai mai gashi a kunne, akwai mace mai ɗan kunnen azurfa wadda takan ce sannu Baba ba tare da ta juyo ba. Yakan shiga da faɗuwar gaba cewa yau kam za a kalle shi a gane. Yakan fito da leda.

Maganin hawan jini ma bai ba shi wahala ba. Yaya ya tsara masa ya hau benen asibitin a guje ya sauko kafin a kira shi awo. Bai taɓa buƙatar hawa ba. Da zarar nas ta naɗa masa abin awon a hannu sai ya tuna abin da ya zo yi, ya tuna ɗakin nan mai taga ɗaya, jinin ya hau da kansa.

Sai maganar fitsari. Yaya ya fara yawan ƙishi da yawan zagayawa, aka ce sai an gwada. Baba Ƙarami ya fita da 'yar kwalba naɗe da hankici, ya maƙale ta a hammata don kada ta huce, ya shiga motar haya hannu ɗaya a manne da jiki kamar mai karaya. Wata mata ma ta tashi ta ba shi wurin zama. A banɗakin asibiti ya juye na Yaya cikin kwalbar da aka ba shi. Sakamako ya nuna ciwon suga. Wata nas mai ƙiba ta zaunar da shi ta yi masa faɗa sosai, ta ce ga shi siriri kamar sanda amma yana kashe kansa da zaƙi, ta lissafa masa abin da zai bari da abin da zai rage. Shi kuwa ya haddace tsaf, ya kawo gida tare da ƙwayoyin.

Yaya ya karɓi ƙwayoyin. Da aka zo kan faɗan, sai ya ce ai ba shi aka yi wa ba.

Washegari shayin Baba Ƙarami ya zo salam. Ya ɗanɗana, ya dubi Matar Yaya. Ta ce, “Ƙanina, kai fa likita ya hana. Ni ba zan ɗauki alhakinka ba.” Ta wuce falo da kofin Yaya tana motsawa, cokali na ƙara a cikin suga.

A wurin aiki kuwa an riga an gama da shi. Yawan neman izinin zuwa asibiti ya sa abokan aikinsa suka daina yi masa wasa. In ya ɗaga kwali sai wani ya karɓe. Shugaban sashe yana gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi wa wanda ba a sa ran ganinsa baɗi. Baba Ƙarami, wanda ko zazzaɓi kan yi shekara bai kama shi ba, ya koyi amsawa da cewa da sauƙi.

Haka aka yi ta tafiya har asibitin ya kafa kwamitin kare lafiyar majiyyata. An ce wata matsala ce ta faru a ɗakin kwanciya, aka ba wani maganin wani. Aka manna takardu masu launi a kowane bango. Aka fara ɗaura wa kowa ɗan zobe na roba a wuyan hannu mai ɗauke da sunansa. Mai ba da kati zai tambayi sunanka da ranar haihuwarka, nas ta tambaya, mai ba da magani ya tambaya. Baba Ƙarami ya ci wannan jarrabawa ba tangarɗa, domin shi ɗin ne, sunan nasa ne, ranar haihuwar tasa ce. Abin da ba nasa ba shi ne ciwon, shi kuma babu takardar bango da ta ce a tambaya.

Amma kwamitin ya zo da wata doka. An lura wasu na karɓar magani su sayar a waje, don haka daga yanzu duk wanda aka ba ƙwaya zai haɗiye ta farko a gaban nas, allura kuma a nan za a yi ta, ba a fita da ita.

Ranar da dokar ta same shi, ledar hannunsa tana ɗauke da na hawan jinin Yaya, da na sugan Yaya, da na jirin Matar Yaya. Nas ta ɓallo ɗaya daga kowanne ta zuba masa a tafin hannu, ta miƙo ruwa. Ya ce zai sha a gida bayan ya ci abinci. Ta ce ga biskit. Ya ce cikinsa ba ya son biskit. Ta ce Baba akwai mutane a bayanka. Ya watsa su baki. Ta ce ya ɗaga harshe.

A cikin mota ya fara jin abin. Gumi ya karyo masa, hannuwansa suka kama rawa, titi ya riƙa yin nisa yana dawowa. Wata mai sayar da kayan ƙwalam da ke kusa da shi ta ce wannan yunwa ce, ta ɓare alewa ta miƙo masa. Ya kawar da kai, ya ce an hana shi zaƙi. Sai da ta tura masa a baki da ƙarfi sannan ya tuna ba shi aka hana ba.

Da ya isa gida ya zauna a dakalin ƙofa har jirin ya lafa, sannan ya shiga ya yi wa Yaya bayani, kai a sunkuye, yana zaɓen kalmomi. Yaya ya buɗe kwalayen ya ga kowanne da giɓin ƙwaya ɗaya. Abin da ya fara ɓata masa rai ke nan. Da ya huce sai ya ce ai magani ba ya cutar da mai lafiya, in bai sami ciwo a jiki ba sai ya zauna ya jira shi, wannan shi ake kira rigakafi. Mutane nawa ne ke neman irin wannan gata ba su samu ba? Matar Yaya ta ce jirin ma ai alama ce maganin mai kyau ne, tunda har ya nuna aikinsa a jikin wanda ba ya buƙata, ina ga mai buƙata. Gwaggo ta ce yaran yanzu ba su da juriya. Yaron nata yana da furfura a gemu.

Ita ce kuwa ta ja masa allurar gwiwa. Man shafawa ya daina yi mata, ta ce ya gaya wa likita ciwon har cikin ƙashi yake, kamar ana tura ƙusa. Ya faɗa yadda ta faɗa, ya ma fi ta iya faɗa. Likita mai gashi a kunne ya ce ai tunda an daɗe ana shafe-shafe ba sauƙi, sai allura a cikin gaɓar. Aka kwantar da shi, aka tabbatar da sunansa da ranar haihuwarsa, aka tambaye shi wace ƙafa ce, aka zana mata alama da biro don kada a yi kuskure, aka soka. Gwiwar da ke hawa bene ba ta ko ƙara ta kumbura kamar ƙwallo. Ya dawo gida da ɗingishi na gaske. Gwaggo ta kalle shi tun daga ƙofa ta ce, “Yawwa ɗan nan, yanzu ka iya. To ina nawa maganin?” Da ta ji maganin yana cikin gwiwarsa, ta ce wannan son kai ne.

Baba Ƙarami ya rame. Wandonsa ya fara neman igiya. Yakan miƙe tsaye duniya ta yi duhu sai ya dafa bango. Cikinsa kullum a ɗaure ko a sake, gwargwadon wanda ya yi rashin lafiya a makon. Mamana takan zauna a gefen katifa tana aikin makaranta, ta ɗago ta tambaye shi yau ciwon wa yake yi. Yakan yi dariya ya ce ta ci gaba da rubutunta. In ta yi barci ya kalli rufin ɗakin, ya ce a ransa rufi ne dai, ba ya yoyo, yarinya tana da inda za ta sa haƙarƙarinta, jiki kuma ai na yin haƙuri ne.

Sai haƙorin Yaya ya tashi, na can ƙurya a ƙasa ta hagu. Kumatun Yaya ya kumbura, ya hana gidan sakat. Shiri mai sauƙi ne, in ji shi: Ƙarami zai je sashen haƙori ya riƙe kumatu, a ba shi maganin kashe zafi, ya haɗiye ɗaya ya kawo saura. Aka nuna masa haƙorin. Aka koya masa yadda zai zabura in an taɓa.

Likitan haƙori mutum ne mai fara'a da sauri. Ya kwantar da kujera, ya haska fitila, ya ƙwanƙwasa haƙorin da ɗan ƙarfe. Baba Ƙarami ya zabura yadda aka koya masa, har ƙafarsa ta bugi tire. Likitan ya ce abin mamaki, ta sama ba a ganin rami, amma irin wannan zafi ba ya zuwa banza, ruɓar tana ƙasa. Na'urar ɗaukar hoto ta lalace ana jiran mai gyara, mutumin da ke shan irin wannan azaba kuma ba za a ce ya je ya dawo ba. Ya ce wa nas ta kawo allurar kashe wuri.

Baba Ƙarami ya yunƙura. Ya ce, “Likita, ranka ya daɗe, ya daina. Wallahi ya daina ciwo.”

Likitan ya yi dariya har da dafa kafaɗarsa. “Baba, kowa haka yake cewa in ya ga abin cirewa.”

Aka tabbatar da sunansa. Aka tabbatar da haƙorin, hagu, ƙasa, na ƙurya. Lafiyayyen haƙori ba ya fita da sauƙi, sai da likitan ya dafa gwiwa a jikin kujera. Da haƙorin ya fito, likitan ya ɗaga shi a fitila ya juya, sannan ya ce wata ruɓar ba a ganinta da ido.

Baba Ƙarami ya dawo gida da auduga a baki da kumatu kamar na Yaya, har Matar Yaya ta ce yau ne ta ga kamanninsu. Yaya ya ji labari ya riƙe kai. Ya ce shi bai taɓa ganin wauta irin wannan ba, an aike ka karɓo magani ka je ka ba da haƙori, ga shi nasa na nan yana ci kamar wuta. Amma dai an samu maganin kashe zafin, wanda aka ba Baba Ƙarami saboda ramin da ke bakinsa. Yaya ya karɓe ledar. Ya ce ai shi Ƙarami ciwonsa an cire, saura na mai haƙori.

Ramin bai gama rufewa ba autar Yaya ta kwanta. Tsarar Mamana ce, ajinsu ɗaya, tare suke tafiya makaranta. Zazzaɓi ya rufe ta, tana amai, tana kuka in haske ya taɓa idonta. Aka ba ta ragowar abin da ke cikin ledoji, bai yi ba. Da safe Matar Yaya ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin nan. Baba Ƙarami ya ce to ai wannan ba zai yiwu ba, shi ba zai iya zama yarinya ba, maganin manya daban na yara daban.

Matar Yaya ta ce ta sani. Idonta ya wuce shi, ya sauka kan Mamana da ke ɗaura takalmin makaranta.

Ta ce ai katin ya haɗa da 'yarsa. Tsayinsu ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya. A gaya wa yarinya ta ce kanta na ciwo, ta runtse ido, ta yi kamar za ta yi amai, ai tana da wayo, sau ɗaya za a nuna mata. Ya ce yara fa allura ake yi musu a can. Ta ce to allura ɗaya me za ta yi mata, ba ga shi shi ya sha nawa yana tsaye ba. Yaya ya fito da hannu a kumatu ya tsaya a bayanta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce zumunci ai taimakon juna ne, kowa da abin da yake kawowa gida, wani rufi wani kati. Karo na farko ke nan da aka haɗa su a baki.

Mamana ta gama ɗaura takalmi ta miƙe. Ta dubi babanta, ta ɗora hannu a goshi ta karkatar da kai, ta ɗan runtse ido. Ta ce, “Baba, haka?”

Ta iya. Ba wanda ya koya mata, kallo kawai ta yi ta yi. Abin da ya tsinka masa zuciya ke nan.

Ya ce mata ta ɗauki jakarta ta tafi makaranta. Ya raɓa ta gefen Yaya da ɗingishinsa, ya shiga ɗakin Matar Yaya inda bai taɓa shiga ba, ya sunkuci autar daga gado da zanen rufarta, ya saɓa a kafaɗa. Jikinta kamar garwashi. Ya fita titi, Matar Yaya na biye da shi da takalmi wari-wari tana tambayar ko ya haukace, Yaya na ƙofa yana kiran Ƙarami, Ƙarami, da murya rabi saboda haƙori.

A asibiti mai ba da kati ya tambayi sunan yarinya. Baba Ƙarami ya faɗi sunanta na gaskiya. Mutumin ya duba ya ce ba wannan ne a kati ba. Ya ce e, ba 'yarsa ba ce, 'yar wansa ce, ba ta cikin kati, amma ita ce mara lafiyar. Wata nas da ke wucewa ta taɓa wuyan yarinyar, ta karɓe ta da gudu zuwa ɗakin gaggawa. Shi kuma aka tura shi wurin likita mai ɗan kunnen azurfa don ya yi bayanin katin.

Ya yi bayanin katin. Daga nan bakin ya ƙi rufuwa. Ya faɗi tari, ya faɗi kwalbar hammata, ya faɗi gwiwa, ya buɗe baki ya nuna rami. Yatsun likitar suka tsaya a kan kwamfuta. Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya. Ashe yarinya ce ƙarama, da idanu jajaye na gajiya. Ta tambaye shi a cikin duk abin da aka rubuta a kansa wanne ne nasa. Ya yi tunani da gaske, ya ce jirin, da gwiwar, da ciwon cikin, amma duk a nan ya same su.

An kwantar da autar Yaya, an ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban, kuma babu maganin sha na yara da zai yi mata komai. Dole Yaya ya zo, ya zauna a benci, wata yarinya ta ƙwala sunansa babu rusunawa. Ya amsa.

Kwamitin ya zauna a kan maganar. Aka kira Baba Ƙarami wani ɗaki mai sanyi da dogon tebur, aka ba shi ruwan roba. Suka daɗe suna muhawara a gabansa kamar ba ya nan, a kan ko wannan kuskuren asibiti ne ko kuskuren majiyyaci. Wani ya ce an bi kowace ƙa'ida, an ɗaura zobe, an tambayi suna, an zana alama. Likitar nan mai ɗan kunnen azurfa ta ce mutum ya yi ta zuwa da ciwo iri-iri babu wanda ya ɗora masa abin sauraren ƙirji. Aka ce mata layin da ke waje fa, wa zai duba shi? Daga ƙarshe shugabar kwamitin ta tambaye shi ko yana da abin cewa. Ya gyara zama ya ce yana so ya ji ko an ajiye haƙorin. Aka ce ba a ajiyewa.

Abin da ya fito daga zaman shi ne sabuwar takarda a bango mai roƙon majiyyata su faɗi gaskiya, da dakatar da katin Baba Ƙarami har sai an gama bincike.

A gida ba a yi masa faɗa ba, an dai daina yi masa magana. Autar ta warke ta dawo tana tsalle a tsakar gida. Matar Yaya ta gaya wa maƙwabta addu'a ce ta tashe ta. Yaya ya ce abin da ya fi masa ciwo ba asarar katin ba ce, tona asirin gida ne a gaban bare, har da maganar fitsarinsa. Gwaggo ta ce tun yana yaro ta san ba shi da riƙon amana. Ba a kore shi ba, gidan mutunci ne, ba a korar ɗan'uwa. Kayan shago ne dai suka yi yawa, aka fara jingine buhunan siminti a ɗakin nan na kusa da ƙofa, yau biyu gobe huɗu, har katifa ta rasa inda za ta miƙe.

Irin gidan nan ba ɗaya ba ne. Kusan kowane gida mai yawa yana da wanda aka ajiye kusa da ƙofa, mara murya, wanda aka ba wuri don a riƙa ara. Wani ƙafafunsa ake ara, wani sunansa, wani barcinsa. Ana kiran abin zumunci, wanda ke biya kuma shi ake sa ran ya yi godiya. In ya kai jikinsa wurin waɗanda aikinsu duba jiki ne, su ma sunan suke dubawa.

Baba Ƙarami ya sami ɗaki a bayan shagon wani tela, ƙarami, da ƙarar keke tun safe. Sun ɗan kwana biyu a can sai wata safiya ya kasa tashi. Mamana ta zo da kayan makarantarta ta tsaya a kansa, ta tambaye shi ina ke masa ciwo. Ya buɗe baki zai amsa, ya ji babu wanda ya koya masa abin da zai ce. Hannunsa ya tafi ƙirji, ya ce a'a. Ya sauka gwiwa, ya hau kumatu, ya yi ta lalube kamar mai neman makulli a aljihun rigar wani. Can ya tsaya a ƙasan haƙarƙari ta dama.

“Nan,” ya ce. “Wannan nawa ne.”

Ta durƙusa ta ɗora ɗan tafinta a wurin, ta danna a hankali, tana kallon fuskarsa don ta gani ko da zafi.